Dutsen Dala: Inda kyamara ke ganin Kano gaba ɗaya

Duk mai kallon finafinanmu ya san irin hoton nan da darakta kan sako idan zai canza fitowa: birni shimfiɗe, rufin kwano na ƙyalli, hasumiyoyin masallatai sun miƙe. To, mai karatu, idan ka na son ka ɗauki irinsa da hannunka, ba sai ka zama kyamaraman ba. Ka hau adaidaita sahu ka ce a sauke ka a gindin Dala, sauran aikin na ƙafa ne.

Akwai matakala ta siminti har sama, amma fa a yi a hankali, don ta na cin numfashi. Da ka isa, sai ka ga ashe saman a baje ya ke kamar faifai. Ta yamma ga Goron Dutse ya na kallon ka. Ta kudu maso gabas kuma ga Kasuwar Kurmi, ga koren tulluwar Babban Masallacin Juma'a wanda aka gina a 1951, kusa da shi ga Gidan Rumfa. A nan ne tarihi ya ce Barbushe ya zauna ya na hidimar Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Masana ma sun gano an yi narkar da tama a wurin tun ƙarni na 7.

Da yamma, musamman ranakun hutu da lokacin Sallah, za ka iske samari rukuni-rukuni, wasu da waya, wasu da 'yar kyamara a wuya. Ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Abin daɗin shi ne idan an gama ɗauka aka zauna ana miƙa wa juna waya. Nan musu ke tashi. Wannan ya ce, "Kai malam, ka cika hoton da fuskarka, ina Kanon?" Wancan ya ce, "To in babu ni a ciki wa zai yarda na hau?" A yi dariya, a sake ɗauka.

A irin wannan zama ake koyon abin da 'yan fim ke shan wahala a kansa a lokeshin. Ranar tsaka ta kan wanke hoto ya fito fari fat, don haka hantsi ko bayan La'asar su ne lokaci. Idan ka sa rana a bayan mutum, fuskarsa ta yi duhu. A Disamba da Janairu hazo kan lulluɓe gari har Goron Dutse ya koma inuwa, amma a Agusta, bayan ruwa ya ɗauke, sai ka ga komai tangararan.

Sai dai akwai magana biyu da ya kamata duk mai hawa ya riƙe.

Ta farko, Kanon da ka ke gani a yau ba ita ce za a gani gobe ba. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa kusan shekara 900 da su ka wuce, an cinye ta a wurare da yawa, wani wajen gidaje, wani wajen shaguna. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Yau wanda ke da hoton tsohuwar ya riƙe abin da kuɗi ba su saye. Soraye masu zanko su ma kullum raguwa su ke yi, bulo na maye gurbinsu. Saboda haka bayan ka ɗauki kanka, ka juya kyamara ka ɗauki garin, ka rubuta rana da shekara, ka adana. In da hali ma a wanke shi a kati, don waya ta kan ɓace.

Ta biyu ta fi nauyi. Gidaje sun matso har jikin dutsen, kuma daga sama tsakar gidan mutane a buɗe ya ke. Ga uwargida ta na wanke-wanke, ga 'yan mata ana kitso, babu mayafi don su na cikin gidansu. Wayoyin yanzu kuwa su na janyo abu mai nisa ya zo dab da kai. Wallahi wannan ba hotonka ba ne. Gidan da ba za ka shiga ba sai da sallama, kada kyamararka ta tsallaka masa katanga. Hoto ɗaya da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa, kuma ya na iya jawo wa baiwar Allah abin da zai girgiza aurenta. Idan abokinka ya nuna maka irinsa, kada ka yi dariya, ka ce ya goge. Haka in ka sauko ka ga dattijo a bakin zaure ya burge ka, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ko zan ɗauke ka hoto?" In ya ƙi, shi ke nan.

Idan da sauran ƙarfi, a zarce Karofin Ƙofar Mata a ga masu rini, ko Gidan Makama inda tsofaffin hotunan Kano ke rataye. A can za ka gane cewa wani ne ya tsaya ya ɗauka, shi ya sa mu ka gani. Allah ya sa namu hotunan su ma su amfani na baya, amin.