Lokacin da muka yi wa WhatsApp yaji

'Yan uwa, kun tuna watan Janairun 2021? Sanarwa ta faɗo wayoyinmu: ko mu amince da sabbin ƙa'idojin WhatsApp kafin 8 ga Fabrairu, ko mu haƙura da shi. Nan fa zaurenmu na Minna ya ɗau zafi. 'Yan jami'a na Bosso suka ce a koma Telegram, muka bi su.

Ko mako biyu ba mu yi ba. Dattawa ba su taho ba, haka iyayenmu mata masu saƙon murya, 'yan Kasuwar Kure kuwa suka ce ba za su bar kwastomominsu ba. Aka yi rasuwa, aka sanar a sabon zaure, rabin jama'a ba su ji ba sai bayan jana'iza. Wannan ta yi mana ciwo. Muka dawo da ƙafarmu, ba wanda ya zo biko.

Hayaniyar duniya dai ta sa kamfanin ya ɗaga wa'adin zuwa 15 ga Mayu, a Yulin 2024 kuma hukumar FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220. Zauren Telegram ɗin yana nan har yau, ba mai ko sallama.