Masaukin Mai Sammako a Zariyar Maraɗi

Motocin dogon zango na Nijar ba sa jiran gari ya waye. Duk wanda ya yanki tikiti daga Maraɗi zuwa yamma, ko a Rimbo ko a STM ko a wani kamfanin, magana ɗaya zai ji daga bakin mai yankan tikitin: kawo kayanka tun da yamma a auna a ɗaure, kai kuma ka iso kafin kiran assalatu. Kowane kamfani da tasa tashar, mai katanga da ƙofa, kuma idan lokaci ya yi direba ba ya tambayar wa ya rage. Wannan ƙa'ida ce ta zaɓa mini wurin kwana a Maraɗi, ni dai yawon dubawa kawai na yi.

Inda na dosa shi ne Gaya, bakin kogin Kwara. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta Jamhuriyar Benin. ECOWAS ta janye takunkuminta a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi buɗe nata. A lokacin, mai zuwa Kwatano sai ya sauka daga mota, ya ɗora kayansa a kwale-kwale, a tsallaka da shi, ya nemi wata motar a can ƙetare. Wannan tsallaken na tafi gani da idona, a hunturun da ya biyo bayan damunar 2024. Masu hannu da shuni na Turai da Amurka da ke yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa su ma sukan isa birnin da jirgin zai tashi tun da sauran lokaci, su kama ɗaki kusa da tashar. Nawa jirgin na katako ne, kuma tsakanina da shi akwai tafiyar yini guda cur a mota, sama da kilomita 500 zuwa Doso, sannan a karkata kudu. Damuwar dai iri ɗaya ce, kada a tashi a bar ka.

Daga Katsina na shigo, ta Jibiya da Ɗan Isa. Tafiyar ba ta kai kilomita ɗari ba, amma shingayen hanya sun sa ta yi tsawo. A bakin iyaka na canza kuɗi, inda na ga damin naira ya koma 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi ta gangara har zuwa lokacin. Sai kuma lissafin kasuwa: sefa biyar ita ce dala, sefa dubu ita ce jika. Ɗan Najeriya da aka ce masa ɗaki jika kaza, ya buga a waya ya ga abin da ya kama a naira, yakan ɗan yi shiru kafin ya amsa.

Ina da aminin mahaifina a garin, wani dattijo ɗan kasuwar hatsi. Da na je gaishe shi na ce zan nemi otal, sai ya dube ni sheƙeƙe.

"Kai ɗan nan, mi ya yi zahi? Ga gida, ga ɗaki, ka tahi ka ba wani kuɗi don ka kwana? In babanka ya ji, mi zan ce mishi?"

"Baba, asubanci zan yi. Ƙarfe uku na dare zan fita."

"To ƙohwar gidan ga ba ta buɗuwa da dare ne?"

Yana da hujja, kuma tsohuwar hujja ce. Kafin a san otal a ƙasar Hausa, baƙo a hannun mai masauki yake sauka. Fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro a zango suke yada kaya, a gidan fatoma, wanda zai ba su ɗaki, ya adana musu dukiya, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu idan rigima ta taso, sannan ya ɗauki la'adarsa. Alhazan Maraɗi da suka yi arziki da gyaɗa a zamanin Faransa, daga baya da fiton kaya zuwa Najeriya, a kan irin wannan amana suka gina kasuwancinsu. Har yau ɗan kasuwar Dawanau da ya zo sayen wake ba ya tambayar otal, gidan abokin cinikinsa yake nufa. A idon irin su Baba, ɗaki na haya na wanda ba shi da kowa ne.

Sai dai na san abin da sauka a gidansa ke nufi. Za a yi hira har dare ya raba. Hajiya za ta tashi tsakar dare ta dama kunu don kada baƙo ya fita da yunwa. Za a tada yaro ya raka ni, a tada wani ya kulle ƙofa, shi kansa Baba ya fito da bargo a kafaɗa ya yi mini addu'a. Mutum goma za su rasa barci saboda tikitin mutum ɗaya. An ce baƙo raɓa ne, amma baƙon da zai fita ƙarfe uku nauyi ne a kan gida. Muka daidaita a kan cewa abincin dare daga gidansa zai riƙa zuwa, in na dawo daga Gaya kuma in sauka a wurinsa.

Ɗan kabu-kabun da ya yi ta yawo da ni ya fara kai ni manyan wuraren. Akwai mai lambu da itatuwa, farfajiyarsa cike da fararen motocin ƙungiyoyin agaji, ɗakunansa tsaf. Kuɗinsa an yanka shi ne don wanda ofis ke biya masa. Rabin kuɗin ma na na'urar sanyaya ɗaki ne, kilim kamar yadda suke cewa, alhali ana cikin sanyin da mutum ke neman bargo. Da watan Afrilu ne, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, da ban yi jayayya ba. Wani wurin kuma araha ne ƙwarai, amma da na ga kujerun roba jere a tsakar gida da manyan lasifikoki a jingine, na san barcin farkon dare ba zai samu ba, kuma mai sammako ba shi da wani barcin sai shi.

A Zariya na samu abin da nake nema. Ba Zariyar Zazzau ba, unguwa ce babba a Maraɗi, har an kasa ta ana cewa ta ɗaya da ta biyu. Tana kan tudu, layukanta a miƙe, masu faɗi, cike da rairayi. Zaman garin a kan tudu yana da dalili. Tsohuwar Maraɗi a kwarin Gulbi take, ambaliyar 1945 ta cinye ta, Faransawa suka hau da mutane sama suka yanka musu filaye a jere. Unguwanni irin su Zariya daga baya suka tsiro, da garin ya yi ta faɗaɗa. Tudun ma bai hana ruwa ɓarna ba a 2024, don jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki a damunar. Na wuce gidajen ƙasa da suka zube ba a kai ga tada su ba, da layukan da ruwa ya zaizaye ya bar kwazazzabo a tsakiya.

Wannan rairayin ya shiga lissafina. Babur da ke ɗauke da mutum biyu cikin duhu, idan ya faɗa yashi mai zurfi, sai an sauka an tura. Saboda haka na ƙi wani gida mai kyau da ke can cikin unguwa, na ɗauki wanda ke kusa da kwalta, ƙaramin gidan baƙi mai ɗakuna kewaye da bishiyar dogon yaro.

Ban tsaya kallon labule da talabijin ba. Famfo na fara murɗawa, na tambaya ko akwai tanki a sama da randa a ƙasa. Na duba ko akwai sange, don sauro ba ya ƙarewa a garin da ke bakin gulbi. Na tambayi wuta. Lantarkin wannan yanki daga Najeriya ake jawo mafi yawansa, ta layin Katsina, kuma kowa a garin yana tune da watan Agustan 2023 da aka yanke shi, aka yi watanni ana fama. Mai kula da wurin ya nuna mini faranti masu ɗaukar hasken rana a kan rufi, ya ce fitila da cajin waya ba za su gagara ba, amma kada in sa rai da abin da ya fi haka. Na fi yarda da wannan amsar a kan ta wanda zai ce mini wuta ba ta taɓa ɗaukewa. Ya karɓi fasfona ya cika takardar da ake ajiye wa 'yan sanda, ya ba ni rasit.

Tambaya ta ƙarshe ba shi na yi wa ba. Maigadi na nema, wani dattijo mai rawani da ke zaune bakin ƙofa da butar shayi a kan gawayi.

"Baba, in mutum zai fita ƙarfe uku, wa ke riƙe da makulli?"

"Ni. Motar Yamai za ka shiga?"

"Ita, amma a Doso zan sauka."

"To kwanta abinka, Malam. Ni ba ni kwana. In ka ga dama ka kashe waya, ni zan buga maka ƙohwa. Akwai yaron da ke kai mutanenmu tasha, shi ma ina da lambarshi."

A nan na biya kuɗin ɗaki. A ganina wannan dattijon shi ne abin da na saya, gado da katifa gyara ne aka yi mini.

Tunda akwai sauran lokaci kafin ranar tafiya, na leƙa Jiratawa, kudu da gari ta wajen Madarunfa. Fili ne na noman rani mai faɗin kadada wajen 500, da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, ana jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse ana rarraba shi ta magudanan siminti. Manoman suna cikin ƙungiyoyin haɗin gwiwa, hukumar ONAHA na sa ido. Gulbin kansa a bushe yake, rairayi fari fat, don ba ya gudu sai da damuna, ga kuma madatsar Jibiya da ke tare shi tun daga sama. Amma ga zogale kore shar, ga albasa, tumatir da tattasai. Mata na tsinkar ganyen zogale suna cusawa a buhuna. Wani manomi ya ce mini abin da ke hana su barci shi ne kuɗin wutar da injinan ke ci. Na sayi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli na ci a tsaye.

Tibiri kuwa da gangan na je ta da rana, domin hanyar Yamai ta nan take bi, kuma motar asuba cikin duhu za ta wuce ta. Tafiyar 'yan mintoci ce daga Maraɗi. Garuruwan nan biyu 'yan gudun hijira ne suka raya su. Da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma sun rasa Alƙalawa a 1808. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gamu da rundunar Gobir da Katsinan Maraɗi a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya ya zauna a Tibiri, dab da abokan ƙawancensa. Daga nan suka yi ta kai hari kudu shekara da shekaru, musamman zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi. Ni da na taso ina jin labarin daga bakin Katsinawan Dikko, sai ga ni a ƙofar fadar Sarkin Gobir, dogarai na zaune a inuwa, wani dattijo mai zanen Gobirci a kumatu yana ba ni labarin ta ɗaya gefen. A bakinsa su ne masu gida, mu ne muka zauna a kangonsu. Ya ce har gobe akwai sarautar Inna a Gobir, kamar yadda Maraɗi ke da Iya. Da na ce masa a otal na sauka, ya yi dariya ya ce ai Kanawa da Katsinawan yanzu sun zama Nasara.

Ana gobe tafiya na kai jakata tasha da la'asar, aka liƙa mata lamba, aka ba ni ɗaya rabin. Na sayi kilishi da ruwan gora na guzuri. Bayan magariba yaron gidan Baba ya iso da kwanuka a ɗaure cikin tsumma: tuwon gero, miyar kuka da naman akuya, abincin mutum huɗu. Na kira maigadi muka ci tare, ya ɗebi saura ya kai wa almajiran layin.

Uku saura ya buga ƙofa. Ɗan kabu-kabun na waje, ya naɗe fuska da rawani saboda sanyi.

A tasha na tarar da wani masaukin da ban sa a lissafi ba. Ƙarƙashin rumfa an shimfiɗa tabarmi, maza gefe, mata gefe, mutane kwance reras kowa ya yi matashi da jakarsa. Mafi yawansu daga ƙauyuka suka zo tun jiya, wasu daga Madarunfa, wasu daga Dakoro, kuma kamfanonin suna barin mai tikiti ya kwana ba tare da ya biya ko dala ba. Ga famfon alwala, ga masallaci, ga mai shayi da burodi. Wata hajiya 'yar kasuwa da muka zauna kujera ɗaya ta ce shekarunta da yawa tana zuwa Kwatano sarin atamfa, ba ta taɓa kama ɗaki a Maraɗi ba.

"Ɗana, kuɗin ɗakin nan ai shi ne kuɗin jirgi a Gaya, da na masu dako, har da canji."

Ta ce in ware ƙananan kuɗi a aljihun gaba, in riƙe fasfo da katin rigakafi a hannu, don kafin Birnin Ƙonni za a sauke mu a shinge fiye da sau ɗaya. Ta ƙara da cewa in mun isa bakin ruwa kada in shiga jirgin da aka ɗora wa babura, in jira na fasinja ko da zai fi tsada. Kwandasta ya fara kiran suna ta lambar tikiti, muka tashi muka bi layi.