Ranar da Churchill Ya Faɗi Zaɓe

A cikin labarun siyasar Ingila, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar na zaɓen 1945. A watan Mayu Jamus ta miƙa wuya, ko'ina ana yabon Firayim Minista Winston Churchill, gama shi ya ja ragamar ƙasar lokacin Yaƙin Hitila. Ran 5 ga Yuli aka jefa ƙuri'a, aka dakata mako uku domin a tattaro ta sojojin da ke ƙasashen waje. Da aka ƙirga, sai ga jam'iyyar Leba ta Clement Attlee da kujeru 393 cikin 640. Talakawa ba su manta alherin Churchill ba, amma gidaje da aiki da magani kyauta suke bukata.

Ran nan ya tafi wurin Sarki ya ajiye mulki. Ya koma kujerar hamayya, ya shekara shida yana gardama da fatar baki, har jam'iyyarsa ta sake cin zaɓe a 1951.

A ganina, wanda bai iya jure faɗuwa ba bai cancanci amanar mulki ba. Ya kai mai karatu, nemi wannan hali wajen mai neman ƙuri'arka.