Da Ilimi da Sanin Mutane, Wanne Ke Riƙe Ɗan Kasuwa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da wani ɗalibina ya gaya mini ranar da na tambaye shi dalilin fashin makaranta. Ya ce: "Malam, a kasuwa ba karatu ake ci ba, mutane ake ci." Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma kasuwa ta taɓa gwada mini hakan.

A shekarar 2016, ina ji da kaina na karanta babin ciniki a Risala, na kuma iya lissafin rabon gado, sai na tara 'yan kuɗaɗena na nufi kasuwar Dawanau da kaka. Na sayi buhu goma na wake don in ajiye zuwa bazara. Ban shawarci kowa ba. Dillalin da na samu ya yi ta kirana "Allah gafarta Malam", ni kuwa kaina ya kumbura. Bayan wata uku na kwance buhu, sai na tarar ƙwari sun mai da shi gari, ashe waken bai gama bushewa ba. Da na kai kuka wurin kawuna, wanda ya tsufa a sana'ar hatsi, sai ya yi dariya ya ce: "Ɗana, ka san hukuncin ciniki, amma ba ka san wake ba, ba ka kuma san mai wake ba. Da ɗan gari akan ci gari."

Shi kawun nan nawa ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko, amma da baki kawai ake loda masa mota guda bashi. To, kada ka yi saurin cewa ɗalibina ya yi gaskiya, saurari ƙarshen labarin. Bayan shekara biyu wani amininsa, wanda suka fi shekara ashirin suna hulɗa, ya rasu da kuɗin kawu masu yawa a hannunsa. Babu takarda, babu shaida. Magada suka ce su ba su san zancen ba, kuma ba za a ce sun yi laifi ba, don dukiyar marayu ba a taɓa ta da "na ji an ce". Kuɗi suka tafi, zumuncin gida biyu ya yi rauni. Ran nan kawu ya kira ni ya ce: "Malam, ɗauko littafi." Tun daga lokacin ni ke rubuta masa bashi, shi kuma ya koya mini gane hatsi da gane mutum.

Ka duba ka gani, ya kai mai karatu: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi, a kuma kafa shaidu. Rubutun nan ba rashin yarda ba ne, garkuwar zumunci ne.

Ka tuna kuma da Sayyidina Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya yarda da shi. Ya isa Madina ba shi da komai. Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Bai karɓa ba, sai ya nemi a nuna masa kasuwa kawai, ya kuwa dawo da ribar cuku da man shanu, har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Ɗan'uwa ya nuna hanya, amma sanin ciniki ne ya yi tafiyar.

A nan ƙasarmu ma ga Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ya hango inda kasuwa ta dosa, ya shiga sayen gyaɗa: wannan sani ne. Ya kuma riƙe wakilai amintattu waɗanda yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo masa: wannan jama'a ce. Da ɗaya ya rasa, da ɗayan bai kai shi ko'ina ba.

Abin da na fahimta shi ne, sanin mutane shi ke buɗe maka ƙofa, ilimi da amana su ke hana a kore ka. Wanda ya ba ka kaya don darajar mahaifinka, sau ɗaya zai ba ka. Na biyu sai ya ga lissafinka da cika alkawarinka. Kuma wanda bai san riba daga halal ba, yana iya tara jama'a da dukiya ya tashi da asara ranar da babu dillali.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, je ka taya babanka zama a rumfa ranar Alhamis da Juma'a, ka gai da manya, ka koyi awo. Amma Asabar ta same ka a aji. Ku kuma iyaye, kada ku cire yaro daga makaranta don canjin yau, domin gobe shi zai riƙe muku littafin bashi.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, da arziki na halal, da abokan hulɗa na gari. Amin. Wassalamu alaikum.