Gatawa: Saƙonnin da Muka Ɗauko a Hoto, da Waɗanda Muka Bari

Garin Gatawa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a gabashin jihar Sakkwato, maƙwabtan Isa, kuma iyakar Nijar ba ta da nisa. Ƙasar Gobir ce. A wannan yanki ne Alƙalawa take, tsohon babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Mun je da wayoyin hannu kawai, da niyyar ɗaukar hoton duk wata hanya da mutane ke isar da saƙo.

Hoton farko na fuskar wani dattijo ne a rumfar mai shayi. Zanen Gobirawa ne a kumatunsa, layuka sun taso daga gefen baki sun bazu zuwa wajen kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Kafin a san katin shaida, wannan askar ce ke gaya wa baƙo ko kai ɗan ina ne, ko da kasuwar Maraɗi ta haɗa ku ko ta Kano. Har yanzu idan Bayarabe ya gan ta sai ya fara tsokana, saboda wasan da ke tsakanin Yarabawa da Gobirawa. Jikokin dattijon suna tsaye a bayansa, fuskokinsu sumul. Hoto ɗaya ya nuna rubutun da ake daina yi.

Mun gaishe shi, mun ce, "Baba, ko za ka yarda mu ɗauke ka?" Sai da ya tambayi inda hoton zai je kafin ya gyara hularsa. Wannan tambayar mun ji ta ya fi sau goma a yini ɗaya, kuma tana da dalili. Za mu zo wurin.

A makarantar allo mun ɗauki allunan da aka jingina a bango suna shan iska. A jikin wata motar kaya an rubuta addu'a da boko da ajami gefe da gefe. Akwai tumakin da aka shafa wa fenti a gadon baya don mai su ya gane abinsa a cikin garke, da lallen amarya da ke sanar da biki tun kafin a aiko goron gayyata. Kalangun mahauta ya ba mu wahala. Sautinsa ne ke gaya wa unguwa an yi yanka, hoto kuwa ba ya ɗaukar sauti. Abin da muka samu shi ne hammatar makaɗin tana matse tsirkiya, da kawunan yara da suka juya gefe guda. A ganinmu kawunan yaran sun fi kalangun bayani.

Inda muka fi daɗewa shi ne shagon cajin waya. Faifan sola a kan rufin kwano, wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar takarda mai lamba. Nan mata ke aiko yara da waya, nan ake sauraron saƙon murya na WhatsApp daga 'yan'uwan da suka tafi ci-rani ko suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. Wanda bai iya karatu ba ya iya danna alamar makirfo ya yi magana. A kusa kuma wani tsoho ya kara rediyo a kunne yana jiran labaran BBC Hausa, sashen da ya fara watsa shiri tun 1957.

Ku 'yan makaranta da ke birni, watakila ba ku taɓa wayar gari babu sabis na tsawon makonni ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, don a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Amma katsewar ta hana manomi ma kiran ɗan'uwansa ya ce masa kada ya bi hanya kaza. Mutane suka koma ba direbobi wasiƙa da saƙon baki, wasu suka riƙa neman tudu ko kusa da iyaka don kama layin Nijar. Mun ɗauki hoton dogon ƙarfen sabis daga nesa. Ƙarfe ne kawai a ido, sai wanda ya san wancan lokacin zai ga abin da ke cikinsa.

Yanzu ga dalilin waccan tambaya. A watan Yuli na 2024 'yan bindiga suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa a hanyar dawowa daga Sakkwato. Daga baya aka fitar da bidiyonsa a hannunsu yana neman taimako, bidiyon ya zagaya wayoyin ƙasar nan, kuma a watan Agusta labarin rasuwarsa ya iso. Mutanen Gatawa sun ga yadda kyamara ta zama makami a hannun masu garkuwa, kuma duk wanda ya tura bidiyon gaba ya taya su isar da saƙonsu ko da bai nufa ba. A nan hoto na iya nuna wa mugu gidan da ke da shanu, ko rumbun da ya cika, ko fuskar ɗan sa-kai. Wanda aka gani yana ɗauke-ɗauke ba tare da izini ba kuma ana iya zarginsa da zama infoma, zargin da kan ci rai.

Saboda haka akwai hotunan da muka bari. Ba mu ɗauki shingen jami'an tsaro ba, ba mu ɗauki garke a ƙofar gidan mai shi ba, ba mu ɗauki mashigin gari ba. Mun kashe alamar wuri a cikin saitin kyamara, domin wayoyi da yawa kan liƙa wa hoto bayanin daidai inda aka ɗauke shi, bayanin kuma kan iya bin hoton idan an tura shi a matsayin fayil. Wata inna mai tuyar ƙosai ta yarda a ɗauki hannunta da kaskonta, ban da fuska. Haka muka yi.

La'asar sakaliya direba ya fara danna hon, domin a wannan hanya ba a son magariba ta riski mota. Hoton ƙarshe ta taga muka ɗauke shi: wani yaro a bakin titi ya ɗaga yatsu biyu, yana nufin mutum biyu ne za su Sabon Birni.