Wa Ya Cancanci Dashen Ɓargo?

Mutane iri biyu ne ke yi mana maganar magani da uwar ƙwayoyin halitta a ƙasar nan, abin da 'yan talla suka fi kira sitem sel. Na farko yana da gora ko ƙunshin gari a jaka, kuma a wurinsa babu wanda bai cancanta ba: mai ciwon suga, mai hawan jini, mai shanyewar ɓarin jiki, mai neman haihuwa, har da tsohon da ke son ƙuruciya ta dawo. Na biyu likitan jini ne, kuma mafi yawan waɗanda suka je gabansa da wannan buƙata yakan sallame su da cewa ba yanzu ba, ko kuma ba za a yi ba. Na daɗe da lura cewa mun fi son na farko, ga shi kuwa na biyun ne ke riƙe da maganin.

A cikin ɓargon ƙashinmu akwai wasu ƙwayoyi waɗanda su ne ke haifar da jini: ja, da fari, da masu daskarar da shi idan an ji rauni. Idan waɗannan iyaye suka lalace, ko aka gaje su da naƙasu, ana iya kashe su da magani mai ƙarfi, a zuba na wani mutum ta jijiya kamar yadda ake ƙarin jini, su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi su kama aiki. Wannan shi ne dashen ɓargo, kuma shi ne fitaccen amfanin waɗannan ƙwayoyi da ilmin likitanci ya tabbatar. Ana yin sa ne ga cututtukan jini da na garkuwar jiki, irin su sankarar jini da mutuwar ɓargo da amosanin jini. Likitan Amurka E. Donnall Thomas ya sami kyautar Nobel a 1990 saboda aikinsa a kansa. Yadda aka gano yana warkar da sikila ma abin mamaki ne: a 1984 aka ba da rahoton wata yarinya a Amurka da aka yi wa dashe saboda sankarar jini, sai aka tarar sikilar da take fama da ita ma ta tafi.

Mu kuwa sikila ce ta sa maganar ta shafe mu kai-tsaye. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara a Nijeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. An yi dashen farko a ƙasar nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ƙarƙashin jagorancin Dakta Nosakhare Bazuaye, sannan a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya. Tun daga lokacin iyaye ke tambaya ɗaya: ɗana fa?

Ni ma na yi wannan tambaya, a madadin ɗan yayata mai shekara tara, wanda a shekara guda aka kwantar da shi sau biyar. Na raka uwarsa da ubansa wurin wata likitar jini, na zaci kuɗi za ta fara ambata. Sai ta buɗe katinsa tana ƙirga kwanciya. Ta ce sharaɗin farko shi ne tsananin cutar. Ba kowane mai SS ake yi wa dashe ba, domin dashen kansa yana iya kisa. Waɗanda aka fi sa wa ido su ne yaron da ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko wanda awon jijiyoyin kansa ya nuna yana gab da samu, ko mai yawan kamuwa da ciwon ƙirji irin na masu sikila, ko wanda ciwon ƙashi ke ta kayar da shi duk da yana shan maganin haidiroksiyuriya yadda aka tsara. Yaronmu ya shiga wannan layi. Abin baƙin ciki ne a ce an yi murna da jin cewa ɗanka ya yi rashin lafiyar da ta isa, amma na ga murnar a fuskar yayata.

Sai aka zo kan wanda zai ba da ɓargon. Mijin yayata ya gyara zama ya ce, "Likita, wannan ba matsala ba ce. 'Ya'yana goma sha ɗaya."

Ta ce, "Alhaji, nawa ne na ɗakin Hajiya?"

Huɗu ne, har da marar lafiyar. A nan ne lissafin gidanmu na Hausa ya saɓa da lissafin jini. Abin da ake dubawa ba rukunin jini ba ne, wasu tambura ne a jikin ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, waɗanda garkuwar jiki ke gane na gida da baƙo da su. Kowa yana gadon rabi daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, damar a dace gaba ɗaya ita ce ɗaya cikin huɗu. Ɗan uba kuwa rabinsa daga wata uwa ya fito, da wuya ya dace sai dai in iyayen mata suna da dangantaka ta jini. Bayan haka dole mai bayarwa ya kasance ba mai SS ba ne. AA ko AS duk suna yi. Idan aka haɗa sharuɗɗan biyu, damar kowane ɗan'uwa ta koma uku cikin goma sha shida. 'Yan ɗaki bakwai suka fita daga lissafi a zama ɗaya. Cikin ukun da suka rage, ƙaramar ita ma mai sikila ce. Aka ɗebi jinin biyu, bayan makonni sakamako ya zo: babu wanda ya dace.

Akwai abin da ake kira dashen rabin dacewa, inda uwa ko uba ke bayarwa, tunda kowannensu rabin ɗansa ne. An ci gaba ƙwarai a kansa a 'yan shekarun nan, kuma shi ne zai buɗe ƙofa ga mafi yawan yaranmu. Amma hatsarin jiki ya ƙi karɓar sabon ɓargon ya fi yawa a nan, kuma ba kowace cibiya ke yin sa ba.

Shekaru ma sharaɗi ne. Sakamako ya fi kyau ga yara 'yan ƙasa da shekara 16 da suka sami shaƙiƙin da ya dace, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari ke rayuwa, mafi yawansu kuma sun rabu da cutar. Idan shekaru suka ja, sikila ta riga ta taɓa ƙoda da huhu da zuciya, yawan ƙarin jini ya tara sinadarin ƙarfe a hanta, jiki kuma ba lallai ya jure maganin da ke share tsohon ɓargo ba. Ga nan tsaka-mai-wuyar: lokacin da dashe ya fi aminci, cutar ba ta gama nuna muninta ba, lokacin da ta nuna, an fara makara. Sannan akwai abin da ba mu cika son a faɗa a gaban yara ba. Maganin share ɓargo yakan hana haihuwa daga baya. Uwa ce za ta sa hannu a takarda a madadin ɗan shekara tara, a kan al'amarin da sai ya kai talatin zai san nauyinsa. Kuma ko ya warke, ƙwayar gadon tana nan, zai iya ba 'ya'yansa, don haka gwajin kafin aure bai faɗi a kansa ba.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin marar lafiyar kansa, a gyara su, a mayar masa. Ba a neman ɗan'uwa. An fara amincewa da shi ne ga masu shekara 12 zuwa sama waɗanda ciwon ke yawan tasar musu, kuma farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Ban ga amfanin in ƙara komai a kan wannan adadi ba. Ko dashen da aka saba ma, a gida ko a Indiya, kuɗinsa miliyoyin naira ne masu yawa, sharaɗin da ba a rubuta a littafin likita ba amma ya fi sauran korar mutane.

Waɗanda aka kora ɗin nan su ne kasuwar mai gora. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Garin da ake cewa an yi shi da uwar ƙwayoyin tufa ko inabi, ko da gaskiya ne, ƙwayar tsiro ba ta zama jinin ɗan'adam, ciki ne zai narkar da ita kamar kowane abinci. Masu allura sun fi hatsari. A 2017 aka wallafa labarin wasu mata uku a jihar Fulorida ta Amurka da suka yi asarar ganinsu bayan an ciro ƙwayoyi daga kitsen jikinsu an tsira musu a ido. Ni dai yanzu ma'aunina ɗaya ne: duk mai maganin da bai nemi ganin katin asibiti ba, bai tambayi 'yan'uwa ba, bai ambaci hatsari ko ɗaya ba, to na san abin da yake sayarwa.

Wanda bai cancanci dashe ba kuma ba a bar shi hannu sake ba, kuma a Kano aka yi wani ɓangare na aikin da ya nuna haka. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi shekaru suna auna gudun jini a jijiyoyin kan yara masu sikila da na'urar da ake ɗorawa a gefen kai, ba tsaga ba allura. Yaran da awon ya nuna suna cikin hatsarin shanyewar jiki, a Amurka ƙarin jini ake musu duk wata, abin da ba zai ɗore ba a wurinmu. Binciken Kano ya nuna haidiroksiyuriya, ko da a ƙaramin ma'auni, tana rage wannan hatsari. Ana son a fara wannan awo tun yaro yana shekara biyu, a riƙa maimaitawa duk shekara har ya kai goma sha shida. A kan wannan tsari ɗan yayata yake yanzu, an daidaita masa ma'aunin magani da nauyinsa, likitarsa kuma ta ce a sake zama kan maganar rabin dacewa idan awon baɗi ya canja.