Raɓar Da Ta Ƙi Bushewa

Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Abin nufi shi ne, baƙo komai daɗewarsa hantsi na dubawa zai bushe ya bar wurin, shi kuwa ɗan gari saiwarsa tana can ƙarƙashin ƙasa, ko an sare shi zai sake tohowa. Na daɗe ina juya wannan karin magana a raina saboda mahaifina, wanda ya sauka a Mararaban Rido cikin shekarar 1978, kuma har yau rana ba ta busar da shi ba. A wurin doka dai raɓa ne, domin kuwa duk lokacin da wa'adin katinsa na izinin zama ya cika, tilas ya tattara takardu ya je neman a sabunta masa.

Baba mutumin ƙasar Maraɗi ne. Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974 ya cinye dabbobin gidansu, ya bar gona ba ta ciyar da kowa, saboda haka bayan 'yan shekaru na ci-rani ya ji labarin kamfanin Chiyoda na Japan yana ɗibar lebura don ginin matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. A lokacin, in ji shi, Mararaba 'yan gidajen Gbagyi ne a bakin hanyar Kachiya, wadda ke gangarawa kudu har Kafanchan, daidai inda hanyar ƙauyen Rido ta rabu. Da aikin gini ya ƙare sai ya kafa teburin shayi don direbobin tanka, daga bisani teburin ya zama kanti. A nan ya auri Inna, 'yar Zariya, a nan aka haife mu mu shida. Yana gaisawa da tsofaffin unguwa da Gbagyi, ya san wanda ya sayar wa wa da fili tun kafin a fara zancen takardar mallaka. Harshensa ne kaɗai ke tona asirinsa, don har gobe "tahi" yake cewa, makaranta kuwa a bakinsa "lakwal" ce.

Mai karatu zai so ya tuna cewa Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta, watau zuriyar sarakunan Haɓe da suka bar birnin Katsina bayan jihadi, shi ya sa har yau sarautar garin ake kiranta Sarkin Katsina. Tsakanin biranen biyu bai kai kilomita 100 ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamun iyaka, alamun nan suka bar kakan Baba a arewa. Da ƙauyensu ya faɗo kudu da layin, da wannan rubutu bai taso ba.

Katin da nake magana a kansa ɗan ƙungiyar ECOWAS ne, wadda aka kafa a Legas a 1975. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Haƙƙin zama kuwa sai a ƙarin yarjejeniya ta 1986 aka zo kansa. Tsakanin waɗannan shekaru biyu ne abin da Baba ba ya mantawa ya auku. Ranar 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takardu mako biyu ya bar ƙasar. Kuɗin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe kuma yana tafe. Mutum wajen miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu 'yan Gana. Jama'a sun fi tunawa da 'yan Gana saboda jakar nan da aka laƙaba wa sunansu, amma 'yan Nijar da Chadi su ma sun cika motoci. Baba ya bar teburinsa a hannun wani maƙwabci Bagwari, ya bar Inna da goyo, ya bi ta Jibiya ya tsallaka. Babu wanda ya kore shi daga unguwa. Maƙwabta ma roƙonsa suka yi ya ɓuya a gona. Sanarwar rediyo ce ta kore shi, kuma bai dawo ba sai bayan damina. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sake irin wannan kora. Kafin duk wannan, a 1969, gwamnatin Busiya a Gana ta yi wa Hausawa da Yarbawa mazauna can daidai da haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa katin Baba ba ya taɓa kwana ɗaya da cikar wa'adi ba tare da an fara neman sabo ba, alhali na san 'yan garinsu da dama da ba su taɓa riƙe shi ba, kuma babu wanda ya tambaye su.

Akwai wani abu a tsarin mulkin 1999 da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Ta nan mu shida muka zama 'yan Nijeriya, albarkacin Inna. Sashe na 26 ya ba baƙuwar mace da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma bai ba baƙon namiji da ya auri 'yar Nijeriya wannan dama ba. Da Baba ne Bazazzagi, Inna ce Bamaraɗiya, da tuni an wuce wurin. Sakamakon haka shi ne, a gida ɗaya, mutum bakwai 'yan gari, maigidan da ya gina shi kuwa baƙo.

Ranar zuwa sabunta kati, Baba kan tashi tun asuba ya sa babbar rigar da yake zuwa Idi da ita. Takardun suna cikin wata tsohuwar ambulan da aka naɗe da leda: fasfonsa na Nijar, tsohon kati, hotuna, da takardar wanda ya tsaya masa. Da can wani dillalin mai ne ke tsaya masa. Tun da ya rasu, ni ke sa hannu. Ban taɓa sabawa da wannan ba, a ce ɗa ne ke shaida wa hukuma cewa ya ɗauki nauyin zaman ubansa. A ofis yakan rusuna ya ce wa yaron da bai kai autanmu ba "yallaɓai", yaron kuma yakan ji kunya ya ce, "Haba Baba, zauna mana." A 2019, lokacin da aka yi wa baƙi rajista da na'ura, sai da aka shafa masa ruwa a yatsu sau uku kafin hoton yatsan ya fito, don bulo da tukunyar shayi sun goge zanen.

Sai ga shi a ranar 28 ga Janairu, 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. A ranar ƙungiyar ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katunan ƙasashen uku, su kuma bar 'yan ƙasashen da haƙƙinsu na zirga-zirga da zama, har sai an ba da wata sanarwa. Baba ya ji wannan a rediyo, ya sa na maimaita masa ƙarshen jimlar. Da muka je sabuntawa bayan haka an karɓi takardunmu kamar kullum. Ya tambayi jami'in ko za a sake karɓa nan gaba, shi kuwa ya gaya masa gaskiya, cewa umarnin da ke hannunsu ke nan a yanzu.

Hanya ɗaya ta rage, ita ce ta sashe na 27, wanda ya ba baƙon da ya shekara 15 a ƙasar damar neman Shugaban Ƙasa ya ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Baba ya ninka shekarun nan sau uku. Cikin sharuɗɗan akwai cewa Gwamnan jiha ya gamsu jama'ar wurin sun karɓe shi, kuma ya saje da rayuwarsu. Da na karanta masa wannan sai ya yi dariya, ya ce ina Gwamna zai san shi, ai mai unguwa ya kamata a tambaya. Na karɓo bayanin yadda ake nema, yana nan cikin ambulan tare da sauran takardu. Ya ce in bari tukuna sai ya je Maraɗi bayan kaka ya shawarci yayarsa, wadda ita kaɗai ta rage masa a can.